Firjin da ke Cin Rana

Har yau in aka ambaci Mai Hayaƙi a layin masu walda, hularsa ake fara tunawa. Ran da ya gama haɗa wani faffaɗan kwano mai lanƙwasa, wanda ya lilliƙa wa gutsattsarin madubi, ya tara maƙwabta zai nuna musu inda hasken rana ke haɗuwa. Ya sunkuya yana bayani, ya sa kansa daidai wurin. Wanzamin unguwa ne ya fara ganin hayaƙin. Da yake mutum ne mai ladabi, sai da ya bari aka kai aya, sannan ya ce, "Malam, kanka fa ya kama."

Kafin wannan rana mai gyaran firji kawai ake ce masa. Ya fi shekara ashirin yana ta da firjin mutane daga suma, na gidansa kuwa takalma ake ajiyewa a ciki. Sai likita ya ce matarsa na da ciwon suga, allura safe da yamma, kuma ruwan allurar ba ya shiri da zafi. Wutar unguwarsu baƙuwa ce marar tarbiyya, ba ta sallama in za ta shigo, ba ta sallama in za ta fita. Asibitin da ake karɓo maganin tafiyar yini ce, don haka kwalba shida ake ba su a lokaci guda, na wata uku.

Maganar mai kemis ce ta hana shi sakat. "Wannan ruwan ba ya wari, ba ya sake launi," in ji shi. "Ko zafi ya kashe shi, haka za ka gan shi garau. A jikinta za ka gane."

Shi ya sa ya haɗa firjin da ke cin rana. Kwanon madubin nan na tara zafi a kan wani baƙin bututu mai ruwa da sinadarin amoniya a ciki. In bututun ya gasu, amoniyar ta tashi ta bi siririn ƙarfe ta cikin duron ruwa, ta taru a wata 'yar tukunya cikin akwatin da ya nannaɗe da soso. In rana ta faɗi bututun ya huce, ruwan bututun ya ja amoniyarsa ya mayar, tukunyar kuma ta ɗau sanyi har ƙanƙara ta kama jikinta. Awa biyar na rana mai kyau yake bukata, ba ragi. Kwalaben na zaune a saman akwatin cikin tsumma, don kada su daskare. Wata bakwai abin na aiki, har masu dariyar suka fara aiko da ruwa a sanyaya musu.

Sai sama ta rufe. Hadari ya haɗu, ya ƙi zuba, ya ƙi watsewa, gari ya yi wani zafi mai danƙo. Safiyar farko ƙanƙarar ta kai tafin hannu. Ta biyu ta koma kamar guntun sabulu. Ta uku ya sa bayan yatsunsa a jikin tukunyar ya daɗe bai cire ba.

"Baban yara, da sauran sanyi?" in ji matarsa daga ƙofar ɗaki.

"Da saura."

Ba ta dubi akwatin ba, fuskarsa ta duba, ta koma ciki.

Rana ta huɗu gari ya waye tas. Ya goge gutsattsarin madubin da gefen rigarsa ɗaya bayan ɗaya, ya juya kwanon gabas, ya tsaya har ya ji bututun ya fara yin 'yar ƙaramar ƙararsa. Sannan ya tafi shago da zuciya wasai. A hanya ya gamu da yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri, za ta gidansa dubiya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ta shiga, gida nata ne.

Bayan la'asar ya dawo. A tsakar gida, inda firjin yake, ya tarar da wani tudu: tabarma biyu, bargo a sama, an danne kusurwoyi da duwatsu kada iska ta yaye. Ƙasan wurin a jiƙe.

"Kai har yanzu ba ka yi hankali ba," in ji Yaya, tana fifita. "Firji a rana? Na taɓa baƙin ƙarfen nan, saura kaɗan ya sale mini hannu. Ga maganin baiwar Allah a ciki! Bokiti uku na juye masa kafin ya dawo hayyacinsa."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Ina shigowa. Ita tana barci, ban ma tashe ta ba. Barci take ta yi yau."

Ba a yi wa wadda ta goya ka tsawa, balle a kan alheri. "Sannu da aiki, Yaya," ya ce, ya shiga ɗage duwatsun. Bututun sanyi ƙalau. Rana ta riga ta sauka kan katanga, daga gabas kuma wani baƙin hadari na tahowa a hankali, kamar ya san ba mai tare shi. Ya juya madubin yamma duk da haka. Daga ɗaki matarsa ta ce a kawo mata ruwa, ya kai. Kafin ya zauna ta sake nema. Ya tsaya da kofin a hannu yana tunani, ko zafin gari ne ke sa ta ƙishirwa, ko wancan abin ne da mai kemis ya ce a jiki ake ganewa.

Ya kwashe kwalaben ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya jera su a gindin randa. Ya ɗaga ɗaya ya duba a haske. Garau take.

Washegari sama ta sake rufewa ruf. Yana tsugune a ƙofar gida, kansa a ɗage, wanzami ya zo wucewa da jakarsa.

"Mai Hayaƙi! Yau ba a gasa mana kai ne?"

Bai sauke idonsa daga sama ba. Ya ce, "In da wadda za ta ƙona hular za ta fito yau, wallahi da kaina zan miƙa mata, in ƙara mata da gashin."