Ƙwaya a cikin fura

Ɗiyata ta fari ce, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka muka tarar a Kurfai: uba yana kunyar ɗan fari. In ina da magana da ita, uwarta nake faɗa wa, ko da tana zaune a gabana.

Shekara shida tana aure a Tabla, sai ran wata kasuwar Filinge mijinta ya kawo ta gida. Ya ce ba ta iya daka, ba ta iya jan guga, rana tsaka sai barci. Ya ce ta zauna wurinmu har kaka. In ta ji sauƙi zai zo ya ɗauke ta. Bai faɗi abin da zai faru in ba ta ji ba, amma duk mun gane.

Ban shaida ta ba da farko. Fuska ta kumbura, gashi ya zube har kitso ba ya kamawa, murya ta dushe. Da bazara, muna neman inuwa, ita tana cikin ɗaki lulluɓe da zane biyu. Daga ɗakin zuwa bakin murhu, nan duniyarta ta tsaya.

Na kai ta Yamai aka auna jininta. Likita ta nuna gaban wuyanta, inda maƙoƙo ke fitowa, ta ce abin da ke nan ne ya yi sanyin aiki. Ta ba da ƙwaya ƙarama: ɗaya kullum da safe, da ruwa kawai, kafin a ci komai.

Na yi aji huɗu a lakwal, makarantar boko. Na karanta takardar maganin, na gane ta sarai, na ƙi. Tun ina yaro na san ba a shan magani ciki wayam. Na ce wa uwarta a murƙushe ƙwayar cikin fura da nono.

"Malam, ba haka likita ta ce ba," in ji uwar.

"Likita ta haihe ta? Kina so ki ga ta hwaɗi?"

Ɗiyar tana jin mu daga ɗaki. Ina za ta musa wa uban da ko sunanta ba ya faɗa?

Aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fid da kai. Sauƙin kaɗan ne. Ina wucewa ta ƙofarta in ji tana nishi, in yi gyaran murya in wuce. Zama in tambaye ta yadda take ji ya fi ƙarfina.

Da muka koma awo, likita ta dubi sakamakon, ta dube ta.

"Yaya kike shan maganin?"

Ɗiyar ta sunkuyar da kai. "Ni ce nake mantawa."

"Mantuwa? Ke da ciwonki?"

Likita ta yi mata faɗa sosai, ta ce abinci da nono suna rage ƙarfin ƙwayar ma, balle a tsallake ta. Ina zaune a kan benci, hulata a gwiwa. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta. Ban faɗa ba.

Daga ranar aka koma shan ta da ruwa. Amma an riga an yanke gero. Takardar saki ta zo kafin kumburin ya saɓe.

Yanzu ta warware, ita ke dakan gidan nan. Kullum bayan asuba ina jin ta buɗe randa ta ɗebi ruwan maganinta. Sau da yawa na shirya maganar neman gafara a bakina, in ta kawo mini fura sai in ce wa uwarta, "Ce mata an gode."