Ranar da Surukina Ya Gyara Mini Babur

Shekarun nan da kuɗin mai suka shigo, soja na mulki, kowane ƙaramin akawu a Sakkwato ya sayi babur, ni ma na saya. Ramukan hanya suka cinye mini shakazobar gaba, bututun ƙarfen nan biyu da ke riƙe da taya. Mai ya riƙa tsiyaya daga robarsu har kan birki. Kuɗi ga su a gari, amma roba 'yar wannan sai da na yi ta yawon kasuwa kafin na samu.

Ran Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaurenmu na Ƙofar Rini, na kwance tayar, na zare bututun, na wanke komai da kananzir na jera bi da bi. Ba na son hannun kowa a aikina. Matata na ciki da tsohon cikinta na fari, ana shirin ta tafi gida haihuwa.

Sai ga sallamar surukina daga Dundaye. Dattijo ne da ya taɓa gyaran keke a ƙuruciyarsa, kuma tun daga lokacin bai yarda akwai ƙarfen da ya fi ƙarfinsa ba. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya dubi tabarmar, ya naɗe hannun riga, ya ce in matsa.

Na matsa. To me zan yi? Suruki ba a kallon idonsa, balle a ce masa ba haka ba ne. Ina tsugune ina kallo ya tattara kayan da na jera wuri ɗaya kamar mai tara gyaɗa. Ya buga sabuwar robar da guduma har gefenta ya tsage. Ya cika bututu ɗaya da mai har baki, ɗayan ya ɗan ɗiga masa. Da ya zo notin da ke riƙe tayar, ya murɗa shi a karkace har ya lashe, yana juyawa ba ya kamawa. Sai ya yanko robar tsohon tib na cikin taya ya naɗe wurin, ya ce ai haka suke yi wa keke. Ni kuwa bakina sai cewa yake sannu da aiki, Baba. Na ba kaina haƙuri, na ce yana tafiya zan kwance komai.

Ashe ba tafiya zai yi shi kaɗai ba. Ya wanke hannu, ya ce dama tsohuwa, wato surukata, ba ta da lafiya, shi aka aiko ya tafi da yarinyar, tunda ga babur ya gyaru sai ya goya ta, gobe a maido mini. Na san hanyar Dundaye, rami ne da yashi. Matata ta fito da ƙullin kayanta, tana tafiya da ƙyar.

Na miƙe tsaye na dafe kan babur ɗin. Ban taɓa tsayawa a gabansa ba.

"Baba, ba ta hawa babur ɗin ga. Tayar na iya hita."

Ya dube ni. "Ni nag gyara shi. Mi kaka nuhi?"

"Bai gyaru ba," na ce.

Maƙwabta biyu na bakin zaure, sun ji. Ya saɓa rigarsa, ya tare motar haya, ya tafi da 'yarsa bai waiwayo ba. Ina tura babur ɗin cikin gida notin ya faɗo ƙasa da kansa, ya gangara gindin randa. Ba wanda ya gani sai ni.

Kafin la'asar unguwa ta ɗauka: ɗan boko ya yi babur, ya ƙaryata surukinsa a ƙofar gida. Kawuna ya zo ya wanke ni tas. Na nuna masa notin, ya ce shi ba maganar ƙarfe ta kawo shi ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don duk cikinsu ba wanda ya tambaya me zai faru in tayar ta fita da mai ciki a baya.

Ta haihu lafiya, 'ya mace. Ran suna na miƙa wa dattijon hannu biyu, ya ba ni yatsu. Bai sake shiga zaurena ba har ya rasu.

Da matata ta dawo daga wanka na ɗauko notin na sa mata a tafin hannu, ina jiran ita ko ɗaya ta ce na yi daidai. Ta juya shi, ta ajiye a kan tabarma, ta gyara goyonta.

"Ubana na," ta ce. "Da ka bari na hau."