Ambulan Da Ka Bar Mini, Thorkild

Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya yi wa Thorkild Ravnholt rasuwa a gidansa da ke wajen Lemvig, yana da shekara saba'in da huɗu. Arba'in daga cikinsu ya yi su yana likitan dabbobi a wannan yanki namu. Ni Bodil Skovgaard, maƙwabciyarsa, aka roƙa in rubuta ta'aziyyarsa a mujallar cocinmu. Na amsa tun kafin in san abin da na sani yanzu.

Thorkild, zan fara da alherinka, don gaskiya ne, ba kuma zan tauye maka shi ba. Kai ka koya mini yadda ake riƙe alade a ɗebi jini a jijiyar wuyansa ba tare da ya galabaita ba. Kakan ɗaga 'yar kwalbar ka ce, "Bodil, alade yakan ci abinci kamar lafiyayye alhali cuta na kwance a huhunsa. Jini ne kaɗai ke tona ta." Shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, da ƙafa ka tako har gonarmu saboda wata uwar aladu da haihuwa ta gagara. Kai ka riƙe 'yarmu Signe ranar baftismarta.

Shekara goma sha biyu ke nan da ni da mijina Hartvig muka sayi matan aladu arba'in daga gonar ƙaninka Ejvind. Garkenmu a lokacin bai taɓa sanin ciwon huhu ba. Kai ka ɗebi jininsu kafin a kawo su, kai ka zo da takardar sakamako ka ajiye a teburinmu, na zuba maka kofi. Hartvig ko dubanta bai yi ba. Ya ce, "In Thorkild ya ce lafiya, me takarda za ta ƙara mini?"

Bayan mako shida tari ya fara. Mukan shiga da safe mu tarar da su kwance, kumfa da jini a hanci. Kafin bazara aka kwashe garken baki ɗaya, irin da kakan Hartvig ya fara kiwo. Kana tare da mu ranar da motoci suka zo. Kai ka rufe ƙofar ɗakin aladun, don Hartvig ya kasa.

Hartvig ya ɗora wa kansa laifin. Ya tuna ya je baje kolin dabbobi, ya dawo ya leƙa aladu bai sauya takalmi ba. A gabana ya tambaye ka, "Thorkild, tsakaninka da Allah, ni na kawo cutar nan?" Ka dafa kafaɗarsa ka ce, "Ba wanda zai iya sani." Shekara shida ya yi yana ɗauke da wannan magana, bai sake kiwon ko kaza ba, har ya koma ga Mahaliccinsa. Kana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa.

Kwana uku bayan jana'izarka, matarka Ingelise ta zo gidana, ta ƙi zama. Ta miƙo mini ambulan da sunana a kai, ta ce, "A aljihun teburinsa na samu. Na karanta, Bodil. Ki yi haƙuri."

Takardar gwajin farko ce a ciki, na jinin da ka aika ɗakin gwaji ba tare da sunan gona ba. Aladu biyar cikin arba'in ɗin jininsu ya nuna suna ɗauke da ƙwayar cutar. Takardar da ka kawo mana kuwa, jinin wasu aladu ne daban. A ƙasa ka rubuta da hannunka: "Na zaci ba za ta tashi ba. Ƙanina ne."

Ƙaninka ne, na ji. To mu su wa ne? Mutuwar aladun ba ita ta fi yi mini ciwo ba, dabba dama mai mutuwa ce. Shekara shidan nan ne, da kake zuwa kowace Lahadi ka ci gurasar da na gasa, kana kallon mutumin yana ƙarewa, alhali kalma ɗaya daga bakinka za ta sauke masa nauyin. Ka jira har ka kai inda ba zan iya tambayarka ba.

Duk da haka ina roƙon Ubangiji ya ji ƙanka, ya auna alherinka da rahama, ya ba ka hutun da Hartvig bai samu ba a nan. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka Troels da Merete, waɗanda ba su da hannu a komai. Ke kuma Ingelise, da kin so da kin jefa ambulan ɗin a murhu, ba mai sani. Allah ya ba ki haƙuri, ƙofata a buɗe take gare ki.

Allah ya gafarta maka, Thorkild. Ni ban kai nan ba tukuna, ba kuma zan yi maka ƙarya a kan kabarinka ba.