Tsohuwar Ordinatar Alƙasum

Duk wanda ya san Alƙasum a Tawa ya san shi da jinkiri. Ɗan manoman Bambeye ne, ya koyar da lissafi har ƙurar alli ta ishe shi, sannan ya koya wa kansa rubuta porogaram da harshen Python. Aikinsa yanzu na rijiyoyin arewacin Adar ne. Rissa, ma'aikacin ruwa, ke zagaya su a moto da na'urar auna zurfin ruwa da ordinata, wato kwamfuta, porogaram ɗin Alƙasum ya karanta awon, Rissa ya gaya wa makiyaya inda za su kora dabbobi.

Sai dai Python ba ya jin maganar na'urar kai tsaye. Dole Alƙasum ya rubuta masa ƙari da harshen C, ya haɗa shi da kompilata, wato manhajar da ke juya rubutun mutum ya zama abin da inji ke ganewa. Python ɗin da ke ordinatar Rissa kuwa tsoho ne mai taurin kai, ba ya karɓar ƙari sai an haɗa shi da irin kompilatar da aka haɗa shi kansa. Tsohuwar kompilatar nan tana cikin ordinatar Alƙasum kaɗai, wata mai tsagaggen murfi da ke nishi kamar injin markaɗe. Kullum cewa yake gobe zai kwafe ta, kullum kuma yana zagin ordinatar a gaban matarsa Hasiya, bai taɓa gaya mata abin da ke ciki ba.

Da rani ya tsananta, na'urar Rissa ta mutu aka ba shi sabuwa, wadda ba za ta yi aiki ba sai an sake haɗa ƙarin. Rissa ya kawo ordinatarsa ya ajiye. Kafin Alƙasum ya zauna kan aikin, rasuwa ta kai shi Bambeye.

Da ya dawo, Hasiya ta tare shi fuska cike da murna.

"Malam, taho ka gani! Na kai ordinatarka wurin mai gyara, ya wanke ta sarai, ya sa mata sabbin kaya duka. Yanzu ko nishi ba ta yi."

Ya duba ko'ina cikinta, babu tsohuwar kompilatar. Ya haɗa ƙarin da sabuwar kompilata, ya haɗu sumul, ya kai ordinatar Rissa, Python ya ƙi buɗe shi. Ya nemi tsohuwar a intanet, rezo na zuwa yana ɗaukewa, bai same ta ba. Hasiya na tsaye tana jiran godiya, murnarta na raguwa. Tausayinta ya kama shi, don ya san laifin nasa ne.

Sai ga ƙarar moto a ƙofar gida. Rissa bai ko kashe inji ba.

"Alƙasum, makiyaya na jirana arewa da Barmu, shanu sun soma hwaɗuwa. Ta gyaru?"

Alƙasum ya dubi jan rubutun da ke kan allo.

"Tahi da igiya, Rissa," in ji shi. "Ka auna da hannu, rijiyar da ka iya kaiwa."