Safiyar da Na Yanke wa Motata Fikafikai

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke safiyar da na sa aka yanke wa motata fikafikai. Jikokina in na fara ba su labarin dariya suke yi, su amsa mini da Larabci, wai ina aka taɓa ganin mota da fiffike. To ku da kuke jin Hausa, bari in ba ku.

A shekarun nan duniya ta haukace da zancen sama. Turawa na ta harba kumbo, rediyo ba shi da magana sai ta 'yan sama jannati, abin kuma bai tsaya a rediyo ba, har kasuwa ya shigo. In ka ratsa shagunan da ke kewaye da Harami a nan Madina, agogon bango an yi masa tsinkaye kamar tauraro, fitilar tebur doguwa mai tsinin kai, fulas ɗin shayi ma sai ka ce yanzu zai tashi. Alhazai na saye suna kai wa gida tsaraba. Motocin Amurka kuwa su suka fi kowa zaƙewa. An ja musu fikafikai biyu a baya, an dasa jajayen fitilu a ƙarƙashi, in ka taka birki kamar wuta ce ke fita daga gindin kumbo.

Irinta na saya, shuɗiya, ta hannu, daga wani ɗan kasuwa da ya gaji da ita. Da ita nake kai alhazai ziyara Ƙuba da Uhudu. Lokacin ban daɗe da aure ba, kaina na rawa. Fikafikan nan sai na goge su kafin in karya kumallo, kuma saboda su alhazai ke tsallake motoci biyar su zo tawa.

Muna zaune a Jurf, lokacin duk gonakin dabino ne, da 'yar tazara tsakaninmu da gari. Ranar da na kawo motar gida ta zo daidai da makon da ake ta yayata cewa mutum ya sauka a kan wata. Inna, mahaifiyata, ta fito da sandarta ta zagaye motar, ta tsaya a baya.

"Ɗan nan, wannan kuma mene ne?" Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Ado ne, Inna. Irin na kumbon da ya je wata."

Da na sani da na ja bakina na yi shiru.

"Watan da muke dubawa mu ɗauki azumi, mu duba mu sauke, shi ne wani ya hau da takalmi? Kai kuma ka kwaso mini ƙanwar abin ka ajiye a ƙofar gida? Wallahi tallahi ba zan shiga motar nan ba."

Inna ba ta rantsuwa da wasa. Mace ce da ta baro Gumel a ƙafa tana amarya, ta ratsa Chadi da Sudan, ta yi shekaru a hanya kafin ta ga Madina. Na ɗauka fushin zai huce. Ina! Shekara ta zagayo, wata shekarar ta bi ta, ko jingina da motar ba ta yi. Ana nan ƙugunta ya riƙe, iyakacin tafiyarta tsakar gida.

Wata rana bayan aikin hajji, wani ɗan unguwarmu mai sayar da dabino kusa da Harami ya zo da labari. Akwai wata tsohuwa cikin alhazan Gumel da ke ta cigiyar yayarta, kuma duk kwatancen da ta yi na Inna ne. Ƙanwarta ce, wadda ta bari tana yarinya ƙarama. Na garzaya masaukinsu don in ɗauko ta, na tarar da ita kwance, zazzaɓi ya kayar da ita, ko zama ba ta iyawa. Likitan alhazai ya ce ba inda za ta. Ga shi kuma washegari bayan Azahar motarsu za ta tashi zuwa Jidda. In Inna ba ta zo ba, shi ke nan, sai dai a lahira.

Na nemi aron mota, ban samu ba, duk mai ƙafa huɗu tana kan hanyar Jidda da alhazai. Keken jaki kuwa ƙugun Inna ba zai ɗauka ba. Na kira malamin unguwa, ya zauna ya yi mata bayani, ya ce ta karya rantsuwar ta yi kaffara, ta ciyar da miskinai goma, addini ya yarda.

"Malam, na ji," in ji Inna. "Amma tun da nake ban taɓa kiran sunan Allah a kan magana na dawo na janye ba."

Ta juya fuskarta bango. Ina tsaye ina ganin kafaɗunta na rawa, kuka take yi ba sauti. Haushinta ya kama ni, tausayinta kuma ya fi haushin.

Da gari ya waye na tuƙa motar zuwa warsha, wato gareji, a Aƙiƙ, wurin wani makanike Bahaushen Sudan. Na nuna masa fikafikan na ce ya cire.

"Ya akhi, lafiyarka ƙalau? Ai su ne motar!"

Na ce ya yanke kawai. Da ya kunna wutar walda ban iya kallo ba, na fita waje na ba motar baya. Da na dawo, wallahi sai da idona ya ciko. Ta koma kamar akuyar da aka guntule wa kunne.

Matata ta riƙo Inna suka fito ƙofar gida. Inna ta dubi motar, ta sa hannu ta shafa inda aka yanke, baƙi ƙirin, ga kaushi.

"Ɗan nan, ai a kan motar na rantse, ba a kan fiffike ba. Ka yi asarar banza."

Amma ba ta ɗauke hannunta daga ƙarfen ba, ta daɗe a haka tana kallona. Can sai ta ce, "Buɗe mini ƙofa." Ta juya wurin matata: "Ke kuma ɗora babbar tukunya, yau mutum goma za su ci shinkafa."

A masaukin alhazai ba su gane fuskar juna ba. Sai da marar lafiyar ta kira Inna da wani suna na yarinta, wanda ni ban taɓa ji ba, sannan Inna ta saki sandarta ta zube a gefen shimfiɗar. Suna riƙe da hannun juna har aka zo ɗaukar kaya. Alhazan shekara mai zuwa ne suka kawo mana labarin cewa ƙanwar tata ba ta daɗe da isa gida ba ta rasu.

Motar kuwa kasuwarta ta faɗi. Alhazai suka riƙa wuce ta, direbobi suka sa mata suna guntuwa, haka na ci gaba da jan ta har ta mutu a hannuna. Ban taɓa yin da-na-sani ba. Abin da na koya shi ne, babba in ya ɗaure kansa da maganarsa, hujja ba ta kwance shi ko da gaskiya ce. Sai ya ga wani ya fara rabuwa da abin da yake so dominsa, sannan shi ma yake samun ƙarfin sakin nasa.