Karan da Ban Kafa Ba

Jikana da ya yi boko ya zo mini da labari kwanan baya, wai a ƙasashen Turawa ana ta cacar baki a kan ƙuri'ar da mutum ke aikawa ta gidan waya, ba tare da ya je da ƙafarsa ba. Wasu na cewa taimako ne ga wanda ke nesa, wasu na cewa ƙofar maguɗi ce, har matattu ma zaɓe suke yi. Yana faɗa yana kallona kamar ya zo da abin da kunne bai taɓa ji ba. Na bar shi ya gama, sannan na ce masa ni ne gidan wayar garinmu tun ba a haifi ubansa ba, kuma wannan gardamar mun yi ta a gindin gawo tun ba mu san ambulan ba.

A lokacin ni falke ne, jakuna uku gare ni. Garinmu na kusa da Tama, a bakin fadama. Nakan ɗauki busasshiyar albasa in kai Sakkwato, in komo da goro da ƙyallaye, kwana shida zuwa, kwana shida dawowa. Da an gama girbi magidanta da yawa kan tafi can cin rani, wasu dako, wasu gini, wasu sayar da ruwa. Saƙonsu duka a kaina yake. Ba yabon kai ba, amma kaina ba ya zubar da magana. In ka ba ni ita a Sakkwato, haka zan sauke ta a ƙofar gidanka, ba ragi ba ƙari.

Duk da haka ba a karɓar saƙon baka sai da alama. Alama ita ce wata ƴar magana da ba wanda ya san ta sai mai aike da wanda aka aika wa. Mutum zai ce, ka faɗa wa matata ta sayar da ɗan akuya, alama kuwa ranar da zan taho na bar wuƙata a bayan randa. In matar ta ji haka sai ta ce, "Alama ta yi." Daga nan ta san lalle ka ga mijinta.

Bayan yaƙin Turawa ya ƙare, cikin rani, mai garinmu ya rasu. Mutum biyu suka fito neman rawani. Ɗaya ƙanensa, kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, ya kuma ba ni jakina na farko. Ɗayan kuwa babban ɗan marigayin, taubashina, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa sai mun tsokani juna. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya aiko daga Madawa cewa zai zo bayan kwana ashirin, kowane magidanci ya tsaya bayan wanda yake so, a ƙirga. Matsalar ita ce magidanta goma sha bakwai suna Sakkwato, kuma ba mai barin aikinsa ya yi tafiyar kwana goma sha biyu don tsayuwar hantsi ɗaya.

Aka taru a gindin gawon masallaci. Kawu ya ce mutanen nan da gonakinsu da iyalinsu a garin, ba a yi musu mai gari a bayan idonsu. A aike ni in karɓo bakinsu. Liman ya goyi bayansa, ya ce aure ma da wakili ake ɗaura shi, balle wannan. Sai taubashina ya miƙe. Ina jin haushin faɗa, amma ranar shi ya fi kowa hankali.

"Malam, alama tana nuna ya gane su na, ba ta nuna abin da sunka ce. Yana iya kawo muna alamar gaskiya ya laƙa mata zaɓen ƙarya. Kuma kowa ya san wa yab ba shi jaki."

Aka yi dariya. Na ce masa jakin ma ya fi shi riƙon amana, aka ƙara wata dariyar, amma maganarsa ta zauna. Liman ya ja tasbaha, sannan ya ce, "Damana na tahe. Duk wanda anka kawo bakinai zai komo shibka. Ran nan sai a tambaye shi gaban jama'a. In an iske manzo ya sauya magana, kun san abin da za ku yi mai."

A haka aka tsaya. Kowane ɗan cin rani zai ba ni sunan wanda yake so da alamarsa. Ranar ƙirga in faɗi alamar, matarsa ko uwarsa ta amsa daga bayan zana, sannan in kafa masa karan dawa a madadinsa a layin wanda ya zaɓa. Sarkin da garinmu ke ƙarƙashinsa ya kai wa kumandan maganar, shi kuwa ya ce bai damu ba, in dai ba za a ɓata masa yini ba.

Na isa Sakkwato na bi su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha shida na same su a tsaye. Na goma sha bakwai maƙwabcinmu ne, mai haƙar rijiya, mutum mara yawan magana, shekara uku da aurensa. Na iske shi kwance a zauren da mutanen garinmu ke sauka, zazzaɓi ya cinye shi, amma hankalinsa garau. Ya ce kawu yake so. Ya ba ni alamarsa a hankali, yana murmushi, har ya sa na maimaita masa. Ranar da zan kamo hanya, da hantsi, ya cika. Da hannuna na taya aka sa shi a kabari, sannan na kora jakuna na taho.

Kwana shida ina tafe da abu biyu a kaina, zaɓensa da rasuwarsa. Ba wanda ya riga ni isowa, don haka ba wanda ya sani a garin sai ni.

Na iso ana gobe ƙirga, da azahar. Gidan kawu na fara sauka, na faɗa masa duka. Ya yi salati, ya yi wa mamacin addu'a, sannan ya shiga lissafi da yatsu. Ya san wa ke bayansa a gari, na faɗa masa na Sakkwato. Ya lissafa sau biyu. In aka cire mai haƙar rijiya, shi da taubashina kunnen doki suke. Da shi kuwa, kawu ya ci.

"Ɗana," in ji shi, "da ranai yab ba ka magana ko ba da ranai ba?"

"Da ranai, Kawu."

"To wa yac ce ka yi ƙarya? Hwaɗi abin da yac ce, ka kahwa karanai. Rasuwa ba ta guduwa, ka hwaɗe ta da la'asar."

Ban ƙi ba. Gaskiya maganar ta shige ni. Mutumin ya faɗa da bakinsa, ni shaida ne, kuma ina son kawu ya ci har cikin raina. Da matar mamacin ta aiko tambayar lafiyar mijinta, na sa aka ce mata na gaji, sai gobe. Wannan kaɗai har yau ina jin kunyarsa.

Washegari kumandan ya zo da mai fassararsa da gardi biyu, wato dogaransa, aka kafa masa kujera a inuwa. Kawu ya tsaya gabas, taubashina yamma, magidanta suka jeru a bayansu. Mata suka taru bayan zanar gidan liman. Aka ba ni damin kara, na fara.

Ba wanda ya yi tunanin abin da zai faru in aka faɗi alama a bainar jama'a. Na fari ya ce a tuna wa matarsa tuwon da ta ƙona ranar tafiyarsa ta ce itace ne ɗanye. Aka yi shewa, ta amsa da ƙyar, "Alama ta yi." Wani kuwa ya ce alamarsa kazar nan da aka ce shaho ya ɗauka, su biyu sun san shahon. Mai kazar na tsaye a layin kawu. Ya daka tsalle ya ce, "Ashe ku na!" Sai da gardi ya tsawata aka natsu. Kumandan ya tambayi mai fassara abin da ake wa dariya, da aka gaya masa shi ma ya dara. Ina faɗa ina kafa kara, wannan gabas, wancan yamma. Duk wanda na kafa a yamma sai taubashina ya ɗaga mini gira, wai ashe da sauran mutunci a wurina.

Na mai haƙar rijiya na bari a ƙarshe. Kara ɗaya ya rage a hannuna. Gardi ya ƙirga layukan biyu, ya ce daidai suke. Kawu bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

Sai na ji mata suna tsokanar matar mai haƙar rijiya a bayan zana. "To, saura naki! Yau mu ji abin da shiru-shiru ka hwaɗi cikin ɗaki." Ta ce su rabu da ita, tana dariya. Na san muryarta, katanga ɗaya ta raba gidajenmu.

A nan na gane abin da zan yi in na bi maganar kawu. Zan sa matar da mijinta ya yi kwana bakwai a kabari ta yi dariya gaban gari, ta ce alama ta yi, a yi mata shewa, sannan da la'asar in je in ce mata ki kama takaba. Ban da haka, sauran goma sha shidan za su komo da damina a tambaye su. Shi kuwa ba mai sake tambayarsa. Karansa a kan bakina kaɗai zai tsaya, kuma shi ne zai ba kawuna rawani. Ko gaskiya na faɗa, ba mai iya gane ta daga ƙarya, har abada.

Na je na durƙusa gaban liman na faɗa masa a kunne. Ya yi salati a hankali, ya kira tsohuwar gidansa, ta ja matar zuwa ciki. Ba a jima ba muka ji kukan. Liman ya sanar da jama'a, aka yi addu'a, kumandan ma ya cire hularsa.

Kawu ne ya fara magana. "Da ranai yab ba da magana! Ku tambaye shi!"

Taubashina ya juyo gare ni, ba wasa a fuskarsa. "Wa yaz zaɓa?"

"Kawu yaz zaɓa," na ce.

Aka yi ta hayaniya. Wasu suka ce a kafa karan, maganar mai rai ce. Wasu suka ce wanda ya tafi ba ya yi wa masu zama mai gari. Liman ya ce sharaɗin da aka yi shi ne a tambayi mutum in ya komo, wannan kuwa ba zai komo ba. Na aje karan a ƙasa. Kumandan ya dubi agogonsa, ya ce tunda daidai suke, ɗan marigayi ya gaji ubansa. Ya hau dokinsa ya tafi.

Kawu ya yi damina biyu ba ya amsa gaisuwata. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ba ni da uban da ya wuce shi. Da ƴan cin rani suka komo aka tambaye su gaban masallaci, duka goma sha shida, ba a samu inda na sauya ko kalma ɗaya ba. Taubashina ya yi mulkinsa, ba yabo ba fallasa, kuma har ya mutu yana ce mini mai karan da ya fi rawani tsada. Na sha juya abin a raina, ban taɓa jin na yi kuskure ba. In aka maido ni gindin gawon nan yau, karan a ƙasa zan sake aje shi.

Amma alamar ba ta kawu ba ce, ba ta gari ba ce. Tata ce, kuma tana nan a kaina. Ranar addu'ar uku da jin rasuwar na roƙi uwata ta raka ni. Matar na cikin ɗaki, asabari a sake. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, na faɗa mata yadda ya cika da inda muka sa shi. Sannan na ce akwai saƙon da ban sauke ba.

"Yac ce in hwaɗa miki, ranar tahiyatai kin ɓoye mai takalmi ƙahwa guda cikin rumbun wake don kada shi tahi. Yac ce ya gane ki sa'ad da kinka sa shi. Ya yi ta nema na dai, har azahar, don shi ƙara yini tare da ke."

Na jira har ƙafata ta fara sanyi. Uwata ta taɓa kafaɗata mu tafi, na yunƙura zan tashi. Sai na ji muryarta daga bayan asabari, ƙasa-ƙasa.

"Alama ta yi."