Yaya Haruna Mai Aswaki ya tafi, miskit na nan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan jikarsa ta bugo min waya, wai Yaya Haruna Mai Aswaki ya rasu a gidansa na unguwar Hindawiyya, nan Makka.



Ba uwa ɗaya ta haife mu ba. Maƙwabtaka ce ta haɗa mu a unguwar Misfala muna samari, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai. Shi ya koya min sana'a. Mukan gangara da jakuna filayen bakin teku, kudu da Jidda, mu haƙo saiwar aswaki, mu tsinko filasko, mu yanko ciyawa mu kawo wa masu awaki a Makka. In an yi ruwa, ciyawa har gwiwa, barewa na tashi a gabanka.

Ranar da takalmina ya tsinke, nasa ya cire ya ba ni, ya taka rairayi mai zafi har gida. Bai taɓa tada zancen ba.

Sai wani attajiri ya kawo irin wata bishiya daga Sudan, wai ita miskit, ya dasa gefen wata rijiya a filayen nan don inuwa. Har godiya muka yi masa. Awaki suka ci 'ya'yanta, suka baza irin a kashinsu. Ƙarƙashinta ko tsinke ba ya tsirowa. Ta shaƙe aswaki, ta zuƙe rijiyar. 'Yan barewar da maharba suka rage suka rasa abin ci, suka ɓace. Ƙayarta ta soki jakin Yaya, ƙafar ta ruɓe tana wari har ya mutu.

Ni na haƙura na koma tuƙin tasi. Shi kuwa ya yi ta saran ta da gatari shekara da shekaru. Ya sare, ta toho.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce ya matsa sai an kai mu filayen nan a mota. Ƙaya iya ganinka, ledoji sun maƙale a rassa, ga mushen akuya ƙudaje sun rufe. Ya ƙi fitowa. Ya sauke gilas, ya tofar da yawu.

"Ƙanena, nan muka ci abinci? Khalas, ya isa, ku mayar da ni gida."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan. Tir da wannan bishiya, wallahi tir.

Allah Ya jiƙanka Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba.